Takardar Wanke Yaya

Ni Inna ta aika in nemo takardar da za ta wanke Yaya, kuma da murnata na karɓi aiken. Yaya shi ne babban wanmu, ni ce auta. Ya daɗe yana zaman kashe wando, sai ga wata makarantar kurame tana neman direban da zai riƙa ɗauko yara da safe ya mayar da su gida da yamma. An gwada tuƙinsa an yaba, har an nuna masa motar. Sai shugabar makarantar ta buga sunansa a waya, tsohon labarin nan ya faɗo mata: direba ya lakaɗa wa maƙwabciyarsa duka har ya karya mata hannu, an gurfanar da shi gaban kotu. Ta ce ba ta ƙi shi ba, amma ya kawo mata shaida daga kotu kan yadda shari'ar ta ƙare, kafin yara su dawo hutu.

A gidanmu kowa ya san yadda ta ƙare. Matar wata mai ɗinki ce da suka yi haya gida ɗaya. Ta zame a bakin famfo ta faɗi, ta ga Yaya yana jan motar kamfani, sai ta laƙaba masa sharri ko za ta samu abin tatsa. Da alƙali ya gano ƙarya ce ya yi watsi da ƙarar. Haka aka faɗa mini tun ina makarantar koyon jinya, haka kuma nake maimaita wa duk wanda ya kuskura ya ɗago maganar a gabana, da tsiwa kuwa, don ni ba a taɓa mini Yaya in yi shiru.

"Ke za ki je, Auta," in ji Inna. "Ke ce mai boko, ke za su saurara. Shi in ya shiga wurin nan ransa ne zai ɓaci."

Yaya yana bakin ƙofa yana goge takalmi, ya ɗago yana dariya. "Likitar gidanmu, a taimaka wa talaka."

"Nas ce ni, Yaya, kada ka ja mini kora."

"A wurina ke likita ce. Wanda ya ƙi ya zo ya same ni."

Da jaridu na fara, don da su nake jin haushi. A waya na ga labarin a shafuka da dama, kowa ya kwafi na kowa kalma da kalma, har shekarun Yaya da suka rubuta ba daidai ba duk bakinsu ɗaya. Na ce lallai akwai inda aka buga ƙarshen shari'ar, waya ce kawai ba ta ɗauko ba. Ranar da ba ni da aiki na tafi babban ɗakin karatu, aka kai ni can ƙurya inda ake jibge tsofaffin jaridu, kowane wata an ɗaure shi da igiya. Takardun sun yi ja, suna warin ɗaki rufaffe, in ka buɗe da ƙarfi su yage. Na samu labarin ranar farko da hoto: Yaya yana saukowa daga motar 'yan sanda ya rufe fuska da tafin hannu. Na daɗe ina kallon hoton, hawaye suka cika mini ido don tausayi. Daga nan na bi wata bayan wata, yatsuna suka yi baƙi ƙirin, na haura shekara ta biyu har na shiga ta uku. Ko layi ɗaya ban ƙara gani ba. Sun jefa mutum a kwata sun kama gabansu.

Sunan wanda ya rubuta labarin yana ƙasan hoton. Ban sha wahalar nemansa ba, don ya bar jarida tuntuni, yanzu yana zama a gindin bishiya daura da kotun da ƙaramin tebur, yana buga wa mutane takardun rantsuwa. Tsoho ne siriri mai jajayen haƙora. Ko gaisuwar kirki ban yi masa ba na ajiye hoton labarin a gabansa.

"Kai ka rubuta wannan?"

Ya ɗora tabarau ya duba. "Sunana ne dai."

"Ina ƙarshensa? An sallami mutum, me ya sa ba ku buga ba?"

"Malama, zauna, rana ta yi zafi." Ya turo mini benci da ƙafa. "Mu ranar farko muke zuwa, ranar da ake sauko da mutum daga mota yana ɓoye fuska. Bayan nan sai an ɗage, an ɗage, an ɗage. Wa kika ga ya sayi jarida don ya karanta an ɗage?"

"Wato ku shafa wa mutum baƙin fenti ku tafi?"

"Wallahi ko tuna shi ban yi ba. Kafin azahar na rubuta irinsa da yawa." Ya miƙo mini takardata. "Ki shiga ciki ki nemi fayil ɗin. In ɗan'uwanki ya fita fes, ki kawo mini, ni da kaina zan roƙi yaran da ke gidan jaridar yanzu su buga."

Na ce masa zan dawo kuwa, ya tanadi kunyar da zai ji.

Ofishin rajistar kotun ɗaki ne dogo mai taga ɗaya, fanka na juyawa a kasale. Aka ce in rubuta takardar neman izini, na rubuta. Aka ce mai sa hannu ya fita, na dawo. Aka ce mai riƙe da makullin sito yana jinya, na sake dawowa. Sai da na zama 'yar gida, har masinja ya fara tambayata ya masu jiki a asibiti. Akawun da ke kula da tsofaffin shari'u wata dattijuwa ce mai ƙiba wadda ba ta ɗaga murya, kuma duk masifar da na sauke mata kallona kawai take yi ta saman tabarau. Ran nan dai ta shiga sito ta daɗe, ta fito tana kakkaɓe zani, riƙe da fayil mai kauri da ruwa ya taɓa ci a gefe ɗaya.

"Ba a fita da shi," ta ce. "Ki zauna nan ki karanta, ki nuna mini shafin da kike so a buga miki hatimi."

Daga baya na fara buɗewa, don ƙarshen nake nema. Shafi ɗaya ne, rubutun bai kai rabinsa ba. Mai ƙara ba ta halarta ba. An kori ƙara. An sallami wanda ake tuhuma. Na juya bayan takardar, babu komai.

"Ina inda alƙali ya ce ƙarya ta yi?"

"Bai ce ba. Korar ƙara daban, wanke mutum daban." Ta ci gaba da jera takardunta. "Amma kada ki damu, masu ɗaukar aiki ba sa bambancewa. Kowa wannan shafin yake karɓa, yana kuma yi masa aiki."

Da na ce ta buga mini shi na tashi, da an wuce wurin. Zuciya ce ta zaunar da ni. So nake in ga ƙaryar matar nan da idona, in kwashe ta in je in zube wa tsohon ɗan jaridar a kan teburinsa. Sai na koma shafin farko.

A kowane zama alƙali yakan fara da rubuta waɗanda suka zo. Mai ƙara tana nan. Wanda ake tuhuma ba ya nan, lauyansa ya ce ba shi da lafiya. An ɗage. Mai ƙara tana nan. Lauya ya yi tafiya. An ɗage. Mai ƙara tana nan, ta nemi a ba ta kujera don ba ta iya daɗewa a tsaye. Haka na yi ta juyawa, aka canza alƙali, aka canza ɗan sanda mai gabatar da ƙara, ita dai tana nan. Mai neman abin tatsa ba ta irin wannan naci, na san haka, amma na ce a raina wasu matan akwai taurin kai.

Sai na iso rahoton likita.

A sashen haɗari nake aiki, karaya kuwa na ga kala-kala. Wanda ya zame ya faɗi da tafin hannu yake tare ƙasa, don haka tsintsiyar hannu ce ke karyewa. Wanda ake duka ɗaga hannu yake yi ya kare kansa, sai ƙashin ya karye a tsakiya, tsakanin gwiwar hannu da tsintsiya, ta ɓangaren ƙaramin yatsa. In aka kawo mana mace da irin wannan karayar tana cewa faɗuwa ta yi, mukan kalli juna mu fitar da mijin waje. Rahoton ya ce hannun hagu ya karye a nan daidai, wuri biyu. Yatsun dama sun farfashe. Haƙarƙari ya tsage. A gadon baya akwai shatin abu dogo mai nauyi, layi bisa layi. 'Yan sanda sun rubuta cewa sun ɗauko ƙarfen kwance taya a tsakar gidan. Akwai ambulan ɗin hotuna a maƙale, na buɗe, na ga biyu na mayar.

Na nemi hanyar da famfo zai yi wa mutum haka, na rantse na nema, kamar yadda ake laluben allura a cikin tabarma. Babu. Bayanin Yaya yana nan da rubutunsa da na sani tun ina firamare, ya ce zamewa ta yi shi kuma ya je ɗaga ta. Na ji kunya da tsoro lokaci guda, gumi ya jiƙa mini riga.

"Wanne za a buga?" in ji akawun.

"Duka."

Ta cire tabarau ta kalle ni sosai, karo na farko tun da na fara zuwa. Sannan ta ɗauki fayil ɗin.

Ban bi ta gindin bishiyar nan ba da na fito, ta ƙofar baya na zagaya.

Adireshin matar yana cikin fayil. Gidan hayar ya canza masu zama, amma wata tsohuwa a maƙwabta ta tuna da ita, ta kwatanta mini layin masu kayan ɗinki a bakin kasuwa. Na same ta a wani ɗan shago da bai fi mutum biyu su zauna ba, tana sayar da zare da maɓalli da zif. Babu keken ɗinki. Hannun hagunta yana kan cinya a lanƙwashe, yatsun dama kuma ba sa haɗuwa, da gefen tafi take tura wa mai saye kaya. Na yi sallama, ina shirin faɗa mata ko ni wace ce. Ita ta riga ni.

"Goshinku ɗaya," ta ce. "Ke ce autar."

"Ni ce."

"Shigo daga rana."

Na zauna a kan wani kwali. Na faɗa mata na karanta fayil, na ce ban zo da wata fitina ba, tambaya kawai nake da ita. Me ya haɗa su?

"Get," ta ce. "Ya dawo da mota yana hon a buɗe masa. Ni kaɗai ce a gidan, ina kan keke, ƙarar keke ta cika mini kunne. Wallahi ban ji ba. Da ya shigo na ɗauka gaisawa za mu yi. Yana dukana yana cewa ba ki ji ba, ba ki ji ba."

Ta faɗe shi a hankali, kamar mai ba da labarin wata. Na ce to me ya hana ta zuwa zaman ƙarshe, bayan duk wahalar da ta sha?

"Ba a faɗa miki ba?" Ta ɗan yi murmushi. "Mahaifiyarki ce ta zo. Ana gobe likita zai ba da shaida. Tsohuwa da furfurarta ta zube a ƙasa ta riƙe mini ƙafa. Ta ce in aka ɗaure shi autarta za ta bar makaranta, shi ke riƙe da ke. Ta ce yarinya ce mai ƙoƙari, jinyar mutane za ta yi. Na ce ta tashi, ta ƙi. Ni kuma dama na gaji, ƙafata ta san kowace matakala ta kotun nan." Ta dubi jakata da takalmina. "Kin gama karatun?"

"Na gama."

"Kina aiki?"

"Ina yi."

"To madalla. Ko ba komai bai tafi a banza ba."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na sunkuyar da kai ina kuka kamar yarinya, ita ce ma take cewa in yi haƙuri. Can ta tambaye ni me ya tayar da maganar bayan shekaru. Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce aiki ya samu, ana neman takarda.

"Wane aiki?"

"Tuƙa yara. Makarantar kurame."

Wata mata ta zo neman baƙin zif, ta tashi ta lalubo mata, ta tura mata da gefen tafi, ta dawo ta zauna. Ta daɗe tana kallon titi.

"Allah ya tsare su," ta ce.

Da la'asar na isa gida. Inna tana zaune a ɗaki tana ninke wanki. Ta ga ambulan a hannuna fuskarta ta washe.

"An samu?"

Na zauna a gabanta na fara ba ta labarin rahoton likita, ina tauna kalmomi don kada in firgita ta. Ban kai rabi ba ta ɗaga mini hannu.

"Me za ki faɗa mini? Ni na wanke rigar da ya sa ran nan."

"Inna, kin sani?"

"Ni na haife shi."

"Kika bar ni ina zagin matar nan a gari? Kika bar ni ina rantsuwa a kansa?"

"Rage murya, ba sa'arki ba ce ni." Ta ajiye zanin da ke hannunta. "Zuciya ce ta ɗebe shi, sau ɗaya. Ya yi nadama. Shekara nawa yanzu, kin ji ya taɓa wani?"

Na tuna matarsa da ta tattara kayanta ta tafi ba ta ko waiwayo ba, muka taru muka ce ba ta da haƙuri, ni ce ma kan gaba wajen faɗa. Na ambace ta, Inna ta kau da kai.

"Akwai shafin da aka ce an sallame shi?"

"Akwai."

"Ƙarya ce a ciki?"

"Ba ƙarya ba ce, amma..."

"To ba ni shi. Shi kaɗai aka aike ki. Sauran ki ƙona, ko ki ajiye ki yi ta karantawa, ruwanki." Ta kalle ni. "Kina ganin yadda zama ya mayar da shi. Namiji har ya fara furfura yana jiran uwarsa ta ba shi na aski. Fararen kayan nan da kike yanga da su, wa ya tsaya miki har kika sa su?"

"Inna, yaran nan ba sa ji. In ya kira su ba za su juyo ba."

"Auta, ɗan'uwanki ne."

Muna cikin haka sai ga sallamarsa. Ya leƙo da fara'arsa, ya ce likita ta iso ashe, yaya labarin kotu? Na kalli hannunsa a jikin ƙyauren, hannun da ya sha ɗaukata ya ɗora a wuya. Ban taɓa jin tsoron Yaya ba sai ran nan. Ni mai bakin da ba ya mutuwa, na ji muryata ta fito 'yar ƙarama, na ce saura hatimi ɗaya, sai gobe.

"Ba komai," ya ce. "Na san ba za ki ba ni kunya ba."

Washegari kafin in wuce asibiti na biya makarantar. Ba a dawo hutu ba, amma akwai 'yan yaran da ke kwana a can, suna wasa a fili. Wurin shiru, sai ƙarar takalma da wata irin dariya da ke fita ba tsari. Wata 'yar ƙarama mai wushirya ta tsaya a gabana tana yi mini magana da yatsu, ban gane ba, ta gaji ta ja ni da mayafi har ƙofar ofis.

Shugabar ta karɓi ambulan ɗin. Na ga ta zaro shafin ƙarshe ta karanta ta gyaɗa kai, har ta buɗe baki za ta yi godiya.

"Ki karanta duka," na ce. "Daga farko."

Ta karanta. Na zauna ina kallon ta tana juya shafi bayan shafi, har ta zo kan rahoton likita ta tsaya, ta dafe baki. Da ta gama ta jera takardun ta ɗora hannu a kai.

"Ke 'yar'uwar matar ce?"

"A'a. Ƙanwarsa ce ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya yi mini karatu."

Ba a ba shi aikin ba. Bai zo ya same ni ba, bai kira ba, ya dai aiko a faɗa mini in na gan shi a hanya in canza hanya, kuma ina canzawa. Yayyena mata suka bugo waya ɗaya bayan ɗaya suka wanke ni tas, babbar ta ce asibiti ya cire mini imani.

Inna kuwa ba ta zage ni ba, ba ta kuma hana ni shiga gidan ba. Tana da hawan jini, ni ce mai duba ta, don haka duk mako nakan je. In yi sallama, shiru. In durƙusa in gaishe ta, shiru. In na fito da abin awo sai ta miƙo mini hannu ta juya fuska ga bango. In ɗaura, in matsa, in faɗa mata ya hau ko ya sauka, ta janye hannunta ta gyara mayafi. Sai in tattara kayana in ce Inna na tafi, in ja mata ƙofa.